Kaset a Cikin Turmi

Shekarar da hatsi ya ƙi, lokacin sojoji na kan mulki, na binne ɗana na goye a ƙauyenmu na wajen Mayahi. Ɗiyata ta fari, mai shekara shida, muka kai ta Tasawa gidan wan mijina. Ma'aikacin gwamnati ne, gidansa ana ɗora tukunya sau uku. Na ce ko ba komai ita dai za ta rayu.

Bayan wata biyu na je ganinta. Wayyo Allah! Yarinya ta fi ramewa a kan yadda na kawo ta. Da azahar aka zuba mata shinkafa, ta ci loma biyu, ta ɗauki kwanon ta kai bayan ƙyaure ta aje. Na tambayi matar gidan. Ta yi dariya, wai ai kullum haka take.

Ashe maigidan ya sayo magneto, na'urar kallon bidiyo, daga Najeriya, da wani kaset na yaro da ya mutu yana dawowa yana ƙwanƙwasa wa uwarsa ƙofa. Don kawai ya ga yara na tsalle, shi da bakinsa ya ce wa ɗiyata, "Ƙanenki ma haka zai zo, tunda ke kina ci shi bai samu ba." Shi ne take aje mashi rabonsa don kada ya zo.

Na ce a kunna min. Na kalla har wurin da uwar ta ƙi buɗe ƙofa. Ba tsoro na ji ba, wallahi, zuciya ce ta taso min.

A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta tsaya mashi gaban dangin miji. Ranar na aje kunyar nan. Na zare kaset ɗin, na jefa turmi, na ɗauki taɓarya. Na daka shi har baƙin zaren ya nannaɗe taɓaryar. Na kwashe a kwanon maigidan, na rufe da faifai, na durƙusa na kai mashi gaban abokansa a zaure.

"Yaya, ga naka rabon. Ka cinye, kada ka rage."

"Ke! Kin haukace?"

"Na haukace."

Na ƙwala wa ɗiyata kira da sunanta, kowa na ji. Ta tsaya tana kallona, don ba ta taɓa jin shi a bakina ba. Na goya ta, ƙatuwa da ita, har tasha.

Bai ƙara aiko mana ko tiya ɗaya ta hatsi ba, ni ma ban ƙara gaishe shi ba har ya mutu, kuma ban yi nadama ba. Anza, 'ya'yan itacen daji, muka jiƙa muka ci har damina ta sauka, mai ɗaci kamar me. Sati guda ina zaune gaban ɗiyata, ina rantse mata cewa ƙanenta ya ƙoshi inda yake. Ran na takwas ta suɗe kwanon, ta miƙo min ta ce, "Inna, akwai saura?"

Babu. Na ba ta nawa.