Kayan Mayarwa

Shekarar da aka karya darajar sefa, sabon rediyo ya fi ƙarfin talaka, ga shi kowa na son jin inda siyasa ta kwana. Wani Alhaji ɗan Maraɗi mai kanti a kasuwar Tawa yana da tulin rediyoyin da masu saye suka maido masa. Wani murfin pil, wato batir, ya karye, wani sai an mare shi yake magana. Ya raba mana su, ni da taubashina, ya ce wanda ya riga sayar da nasa, shi zai riƙa ba kayan daga yanzu. Mutum ɗaya yake so, ni kuwa ga iyali.

Muka shiga bin kasuwannin ƙauye, yau Bambeye, jibi Kalfu, wani lokaci har Takanamat. Ni na iya gyara, shi ko waya bai iya haɗawa ba. Amma baki gare shi, ɗan banza! Yana washe haƙora sai mutane su yanyame shi, ni ina zaune ina korar ƙuda. Wallahi na yi masa hassada, har tuwo ya daina yi mini daɗi.

Ran kasuwar Kalfu na ga wani dattijo yana jujjuya rediyon taubashina. Na ja shi gefe na ce, "Baba, ka dai sani, kayan wancan duk na mayarwa ne."

Ya ce, "Na mayarwa? Wato in ya ƙi, a mayar mishi?"

Kafin in gyara magana ya ɗaga murya yana kiran mutanen garinsu: "Ku taho! Wanga in abu ya ɓaci karɓa shikai!"

Taubashina ya dubi taron, ya dube ni, ya ce, "Ƙwarai kuwa, ga shaidata nan tsaye."

Kafin la'asar tabarmarsa ta yi wayam. Abin da aka maido masa a Kalfu sai ya sayar a Takanamat, na Takanamat ya sauke a Bambeye. Alhaji ya ba shi kayan.

Bayan sati biyu taubashin nawa ya yi sallama a ƙofar gidana da buhun matattun rediyoyi.

"Bawana," in ji shi, "tunda kai ka yi mini talla, ga gyara, zan biya ka."

Na so in kore shi, Allah ya sani. Sai na jiyo mai ɗakina tana kankare ƙasan tukunya. Na shimfiɗa tabarma na zazzage buhun.