Carbin Malam Gwadabe

Ranar Talata ce, ina tuyar ƙosai a ƙofar gida, aka zo aka ce mini motar 'yan kamfe ta kife a hanyar dawowa daga ƙauye. Babban ɗana yana bayanta, riƙe da tuta. Shekararsa goma sha tara. Lokacin ne sojoji suka ce za su sauka, gari ya cika da fasta da lasifika, kowa na neman samarin da za su cika masa mota. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba yana raye. Yau zan rubuta shi sau ɗaya: Nasiru. Allah Ya jiƙansa.

Amma ba labarinsa zan ba ku ba. Labarin wanda ya riƙe mini ƙanensa ne.

Duk wanda ke zaune a Ƙofar Kaura ya san Malam Gwadabe, mai gadin firamaren da ke bayan layinmu. Shekara ashirin da wani abu, da an idar da sallar asuba zai tuɓe takalminsa ya shiga filin makarantar, ya taka shi daga wannan kusurwa zuwa waccan da gwangwani a hannu. Ƙaya, ƙusa, fasasshiyar kwalba, duk a ciki yake zubawa. Yakan ce yaran ba su da takalmi, gara ƙafarsa ta fara gamuwa da abin. Sai ya gama sannan ya hura usur. Ya sa yara su yi miƙa, su yi tsalle, su zagaye fili, ƙwallo kuwa sai da yamma, kuma wanda ya gudu daga aji ba ya taɓa ta. Babu wanda ya ɗora masa wannan aiki. A takarda gadi kawai aka ba shi.

Ba shi da agogon awon gudu. Da carbinsa yake awo. Yaro ya tashi, shi kuma ya fara jan ƙwaya ɗaya ɗaya har yaron ya dawo inda ya faro. Kowane yaro a unguwar ya san ƙidayarsa kamar yadda ya san sunan babansa.

Bayan sadakar bakwai ƙanen nasa, Sammani, ya canza mini. Shekararsa sha huɗu lokacin. Ya daina cin abinci sai na matsa, ya daina magana. Ya ɗauki hular jam'iyyar da yayansa ya bari ya sa a kai. Wata rana ina shara na ɗaga tabarmarsa na ga wuƙa. Samarin motar sun ce masa wurin yayansa na nan, shi suke jira. Mahaifinsu ya daɗe da rasuwa, ba ni da namijin da zai tsawata masa. Na sa hijabi na tafi wurin Malam.

Ya yi mini gaisuwa doguwa, ya sake yi mini ta'aziyya, ya saurare ni har na gama. Bai ce zai yi komai ba. Da yamma sai ga shi a zauren gidanmu. Ina daga ciki ina jinsu. Na ɗauka wa'azi zai yi wa yaron, ashe tsokana ya zo yi.

"Yayanka ya zagaye filina a saba'in da ɗaya," in ji shi. "Har yau ba wanda ya kamo shi. Na ɗauka abin a jini yake, to amma kai na ga tafiyarka, irin ta agwagwa ce."

Washegari Sammani ya riga kowa zuwa fili. Casa'in da takwas ya yi, ya faɗi yana haki, yara na yi masa dariya. Ya dawo gida ya cinye tuwon da ya kwana. Rabon da in ga ya suɗe kwano tun kafin rasuwar.

Daga nan Malam ya kafa doka. Awo ba kullum ba ne, sai ranar da ya ga dama. Kuma duk ranar da aka ce akwai gangami a gari, ranar yake ganin dama. Wanda bai zo ba an goge ƙidayarsa, sai ya faro daga farko. Da azumi ya shigo bai tsaya ba, ya mai da abin bayan la'asar sakaliya, zagaye ɗaya tak. Ni kuma na fara kai musu ruwa a bokiti, don in riƙa ganin ɗana da idona. Casa'in ta koma tamanin da biyar, ta koma saba'in da tara. Yawan tsayuwa kusa da Malam ya sa na koyi bugun yatsansa, ina ƙirgawa a zuciya tare da shi.

Ana jibi zaɓen ƙarshe motar ta zo har bakin fili ta tsaya. Samari cike a bayanta suna kiran Sammani, suna ce masa ɗan mama, suna tambayarsa ko gudun 'yan firamare ne zai rama wa yayansa. Na ga ya juya ya yi taku biyu wajensu. Malam bai dubi motar ba ko sau ɗaya. Carbin kawai ya ɗaga.

"Jiya saba'in da uku ka yi, Sammani. In ka gaji je ka hau, sai in gaya wa yara an bar wa yayanka ƙidayarsa."

Yaron ya cire hular ya ajiye a ƙasa, ya tsaya a kan layi. Kafin ya dawo motar ta gaji ta tafi. Ni sittin da tara na ƙirga. Malam ya ce saba'in da biyu.

Da yara suka watse na ce masa, Malam, na fa ga yatsanka ya ƙara sauri a kwanar ƙarshe. Ya juya carbin, sannan ya ce, "Zuwaira, tsufa ne, hannun rawa yake. Ina jin ba zai daina ba sai an gama zaɓe."

Bayan sojoji sun miƙa mulki Malam ya kira Sammani ya faɗa masa gaskiya, cewa sittin da tara ya yi ranar nan, ya roƙe shi gafara, dattijo da furfurarsa. Yaron ya ce kada a faɗa wa kowa, a bar wa Yaya saba'in da ɗayansa. Sai da na nemi izininsa kafin in rubuta wannan.

Malam, kai ne ka ga abin da ni uwarsa ban gani ba, cewa yaron nan wuri yake nema da zai zuba abin da ke cin ransa. Kai ne mai tsince ƙaya kafin 'ya'yan mutane su taka. Ba Sammani kaɗai ba ne, na san gidaje huɗu a layinmu da za su faɗi irin abin da na faɗa. Bana gwiwoyinka sun ƙi, ka ajiye gadi, a kan benci kake zama kana jan carbi. Sammani na koyon walda, amma shi ke tuɓe takalmi ya taka filin kafin ya tafi shago. Na gode. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Wani zaɓen ya matso, na fara jin lasifika. Ku masu fili a unguwa, kada ku bari ya zama juji. Wanda ke da ƙafa ya taka shi, wanda ke da usur ya hura. Yaron da ya gaji da gudu da safe ba ya da ƙarfin hawa mota da rana.

Ni dai ruwa na iya. Kullum kafin in hura wutar ƙosai nakan cika bokiti in kai bakin fili, in ɗora moɗa a kai. Moɗar babban ɗan nawa ce, wadda ya kankare harafin farko na sunansa a gindinta da ƙusa. Yara su sha su ajiye. Da hantsi in je in ɗauko, in wanke ta, in kife.