Rigar da Ba Ta Taɓa Ƙasa Ba

Mun tashi daga Landover bayan sallar asuba, ƙanin mijina yana tuƙi, maƙwabciyata a baya rungume da kula cike da masa kamar za mu yi wata a hanya. Jami'ar ɗana Auwal muka nufa, can cikin Virginia, wasansu na ƙarshe na bana, kuma daga shi ya gama makaranta. Ƙwallon Amurkawan nan yake bugawa, mai siffar ƙwai, wadda ake runguma ana turereniya. Har yau ban san abin da ke sa alƙali hura usur ba.

Hanya lafiya lau, itatuwa duk sun kaɗe. Muka tsaya gidan mai, shayinsu ruwan zafi ne da tsadar banza. A nan ƙanin mijina ya ɗauko tarihin kakar bana, ni kuwa raina yana ƙuna. Da farko sun yi ta cin wasa. Sai kocinsu, mutumin da ya zo har falona ya ci tuwo da hannu yana ce min Auwal ɗansa ne, ya samu babbar makaranta ya kama gabansa ko sallama babu. Sabon ya zo da 'yan lelensa, ya ajiye min yaro a benci, aka shiga shan kashi mako bayan mako. Ran nan kuwa masu nemar wa manyan ƙungiyoyi 'yan wasa za su zo. In ba su gan shi a fili ba, ƙwallo ta ƙare masa.

Filin rabinsa kujeru ne wayam, ga sanyi har cikin ƙashi. Al'adarsu iyaye su rako masu gamawa tsakiyar fili. Aka miƙo min furanni, aka kira sunanmu a lasifika yadda ni kaina ban gane shi ba.

“Mama, yau koci zai sa ni, ya yi alkawari,” Auwal ya raɗa min.

Aka fara. Duk sanda koci ya juya sai yarona ya miƙe da hular kwano a hannu, sai a kira wani. Aka lallasa su, aka tashi. Kular masar ma ba wanda ya buɗe.

A bakin mota ya miƙo min rigarsa a naɗe.

“Ki tafi da ita gida, Mama. Ba ni da aikin da zan yi da ita.”

Mun iso gida bayan magariba. Abin da na koyo shi ne, a wannan harkar ɗanka ɗansu ne muddin suna da amfani da shi, kuma wallahi ban yafe ba. Na warware rigar zan jefa a injin wanki, na duba gaba da baya. Fara fat, ko ɗigon taɓo babu. Na mayar da ita na ninke.