Tafiyar Matar Mai Fenti

Tun yana saurayi ake kiransa Mai Fenti, har ya tsufa sunan bai sake shi ba, fentin ma bai saki farcensa ba. Allon shago, bayan babbar mota, bangon makarantar yara, babu inda burushinsa bai taka ba. Ga shi da gardama. In ka ce zakin da ya zana ya yi kama da kyanwa, sai ya tambaye ka inda kuka taɓa gaisawa da zaki.

Zane ɗaya ne ya ƙi sayarwa. Yana rataye a ɗakinsa sama da rediyo: mace da bokitin ruwa a ka, ta ba da baya, tana bin lungun gidansu. Matarsa ce. Ta rasu lokacin da Auta, 'yarsu ta ƙarshe, take rarrafe, kuma ko hoton kirki ba ta bari ba, don ta tsani kyamara.

Auta ta gaji hannun uban, amma ta ƙi gadon ɓata riga. A kwamfuta take zane, a wani ofis mai wayoyi a cukurkuɗe ƙarƙashin tebur, inda suke sa hotuna motsi. Rannan ta ɗauki hoton zanen ta ce, "Baba, zan sa Umma ta yi tafiya."

"Ki dai yi a hankali kar ki zubar mata da ruwa," in ji shi. Wasa ya mai da maganar, amma ranar bai ci abincin kirki ba.

Da ta gama ta kira shi ofis, ya sa rigarsa ta fita kunya ya je. Ta nuna masa yadda ta yanko matar daga zanen, ƙafa daban, hannu daban, bokiti daban. Ya kau da kai. "Kin yi wa uwarki gunduwa-gunduwa, Allah ya shirye ki." Ta danna. Matar ta taka a miƙe sambal har ƙarshen lungu.

Ya daɗe yana kallo. "Aiki ya yi kyau. Amma wannan matar wani ce."

"Baba, zanenka ne fa."

"Zanena ne, tafiyar ce ba tata ba. Uwarki ba soja ba ce."

Auta ta sunkuyar da kai. "To ni ina na san tafiyarta?"

Maganar ta soke shi. Ashe abin da yarinyar ke nema ke nan, ta ga uwarta tana motsi ko sau ɗaya.

Ta ce a sana'arsu in ba a san motsi ba, mutum ake sa ya yi, a ɗauka a waya, a bi sawunsa. Nan Mai Fenti ya tattare riga, ya ɗora kwandon shara a ka, ya shiga rangaji tsakanin tebura. Abokan aikin Auta suka ɓuya bayan kwamfuta, kafaɗu na rawa. In ya tuna kafaɗa sai ƙafa ta suɓuce, in ya kama ƙafa sai gwiwa ta ce ba da ita ba. Da aka kunna abin da aka ɗauka a waya, agwagwa sak. Ya zauna yana haki, tsoro ya kama shi: tafiyar tana nan a idonsa, amma ya kasa fito da ita, ranar da ya mutu ta tafi ke nan.

"Bari in kawo maka ruwa," in ji Auta, ta nufi ƙarshen ofis.

Ya bi bayanta da kallo. Kafaɗar hagu a ɗan sauke, ƙafar dama tana ɗan jifa waje. Shekara da shekaru tana wucewa ta gabansa, kansa na kan allo, bai taɓa lura ba.

"Ke! Dawo ki sake tafiya!"

"Haba Baba, tafiyar da ake tsokanata da ita tun firamare? Na yi gyaran duniya ta ƙi."

"Alhamdu lillahi da ta ƙi. Miƙo wayar."

Shi ya ɗauka, ya yanke mata kai a hoton, rabinsa duk silin ne. Ya dai wadatar.

Bayan kwanaki ya sake sa rigar nan ya koma. Matar zanen ta taka, kafaɗa a karkace, ruwan bokiti na ɗan tsalle. Mai gardama ya nemi abin musu ya rasa. Auta ta share ido da bayan hannu.

"Baba, ashe kullum tare muke zuwa aiki."

"Sake kunnawa mana," ya ce, ya jawo kujera kusa.