Takardun Arvo Mai Aski

Ni ne ɗan fos na unguwarsu Arvo Lahti a Calumet, don haka kusan duk takardar hannun jarin da ya mallaka ta hannuna ta bi. Da ya hango ni da ambulan mai faɗi sai ya bar mutum a kujera da kumfa a gemu, ya taho yana goge hannu.

"Reino, in ka lanƙwasa min ita, ƙwal-kwabo zan yi maka!"

"Attajiri ke nan," in ce masa. "Kana da ramin tagulla hamsin, ga takalminka a huje."

Mai aski ne, ubansa mahaƙin tagulla. Takardun nan na kamfanonin tagulla ne da suka rufe tun kafin a haifi 'ya'yanmu. Ba mai biyan riba a kansu, sai dai kyan zane: gaggafa, jirgin ƙasa, mutum riƙe da diga. Ya sa su a gilashi ya cika bangon shagon. Tsofaffi kan shigo ba don aski ba, su tsaya gaban ɗaya daga cikin takardun, wani ya ce, "A ramin nan babana ya bar ƙafarsa." Arvo ya ja masa kujera ya zuba kofi, a yi ta labari har abokan ciniki su gaji su tafi.

Matarsa Irja takan ce, "Kai dai ka auri matattun kamfanoni, ni haya nake a gidan." Amma ita ke ɗinka musu jakunkunan yadi don kada su yi ƙura.

Da hannunsa ya fara rawa, ya rufe shagon. Ni na taya shi sauke takardun. Muka jera su a kwalaye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansa, da niyyar zai yi musu kanta in ɗumi ya shigo. Kafin ɗumin ya shigo Irja ta kwanta. Aka kai ta babban asibiti a Marquette, ya bi ta, ya tare a can.

Yana can aka yi wani ruwa da ya karya gadoji ya cinye tituna. Na shiga gidansa na tarar ruwa ya kai ƙugu a ɗakin ƙasa. Na kira shi, na ji muryarsa, na kasa faɗa. Na ce ina tambayar jikin Irja ne.

Irja ta rasu a can. Bayan an binne ta muka sauka ɗakin tare da Arvo. Kwalayen sun narke. Ya ɗaga wata jaka, takardun ciki sun manne sun zama curi guda, koren tawada na bin yatsunsa. Ya zauna a matakala ya daɗe yana shafa ɗinkin bakin jakar.

"Dubi yadda take ƙulle zare," ya ce. "Sau biyu. Ko yaushe sau biyu."

Maƙwabta suka zo, muka ɓamɓare abin da ya ɓamɓaru, muka shanya a igiyar wanki. 'Yan kaɗan suka tsira, su ma da tabo. Ya raba wa tsofaffin da suka rage, kowa takardar ramin da ubansa ya yi aiki. Jakunkunan kuwa ya wanke su da kansa, ya ninke, ya ajiye a ɗakin kwana.

Dillalan da yake sayen takardun a wurinsu sun ci gaba da aiko masa da hotunan sababbin kaya. Wata rana ya ce, "Mutumina, daina wahalar da ƙafarka, zuba su a shara tun daga ofis." Ban daina zuwa ba, sai dai mu sha kofi, magana kaɗan.

Da sanyi ya tsananta 'yarsa ta zo daga Duluth ta tafi da shi. A can ya rasu kafin ƙanƙara ta narke. Ba ta san lambata ba, sai a jarida na gani.