Na Sa 'Yata Yin Allura Kafin Ta Samu Lasisi

Abu uku na kusa rasawa a wuni ɗaya: ran maƙwabcina, karatun 'yata na shekara biyar, da mutuncina a ƙauyenmu. A lokacin ni dillalin awaki ne a kasuwar Ɗambatta, da gumina na kai ta ƙasar waje ta karanto aikin jinya. Da ta dawo aka ce sai ta ci jarrabawar hukuma a ba ta lasisi kafin ta taɓa majinyaci. Ga tsadar rayuwa, ga asibitin ƙauyenmu a kulle babu ma'aikaci. A sana'ata dabbar da ta daɗe a turke asara ce, haka na ɗauki takardarta. Na share zaure na ce ta fara duba mutane. Ta roƙe ni in yi haƙuri, ta ce ko maganin ceton gaggawa ba ta da shi. Na ce ba don ta zauna tana tankaɗe na sayar da gonata ba.

Ana tsakiyar damina maƙwabcina ya zo, fartanya ta sare shi a ƙafa har ta kumbura. Ni na sayo allurar, ni na tsaya a kanta sai da ta yi masa. Kafin ya gyara hularsa leɓɓansa suka kumbura, numfashinsa ya koma kamar ana shaƙe ɗan akuya. Muka saka shi a motar da nake ɗaukar awaki, muka nufi asibitin birni. Duk hanya tana tallafe da kansa tana salati, ni kuwa ina tunanin da wace fuska zan kalli 'ya'yansa.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Amma da likita ya tambayi wanda ya yi allurar, na yi tsit kamar ban ji ba. Ita ta ce ita ce. Aka kai rahoto, aka ɗage mata jarrabawa shekara guda.

Iyaye, ku ji tsoron Allah, ilimin ɗa ba haja ba ne. Masu iko kuma su rage wa yaran nan jira, don kullen asibiti ke tura mu ga ganganci. Yau maƙwabcina na noma, 'yata ta samu lasisinta tana aiki a Kano. Asibitinmu na nan a kulle. Ta ce ta yafe mini, amma ko ciwon kai nake yi, cewa take in tafi asibiti.