Rigunan Abdulsalami da Kaskon Alfred

Duk wanda ya zauna unguwar Longsight ta Manchester a 'yan shekarun nan na bayan dubu biyu ya san Mma Ajara, ko bai san sunanta ba ya san jakarta mai taya. Gajeruwar mace ce, 'yar zangon Kumasi, shekara goma sha bakwai tana raba wa yaran firamare abincin rana. Ba ta sayen tumatir sai ta juya shi ta ga bayansa. Ba ta hawa bas ɗin Stockport Road sai ta kalli fuskar direba. Wasu na cewa fitina ce da ita. Ƙarya suke yi, ido ne, kuma ba kowa Allah ya ba shi ba.

Mijinta Abdulsalami, direban tasi, ya rasu a farkon 2005. Abin da ya bari bai taka kara ya karya ba, sai manyan riguna goma sha ɗaya, don duk zuwa gida sai ya ɗinko ɗaya. A gadon asibiti ya riƙe hannunta ya ce, "Ajara, kada rigunan nan su ruɓe a akwati. Ki ba wanda zai je masallaci da su."

Da ta fita takaba ta kira 'ya'yanta maza. Faizal ya ɗaga wata shuɗiyar shadda ya ce, "Mum, wannan ai tent ce, tanti guda, ina zan je da ita?" Mujeeb ko taɓawa bai yi ba. Suka yafe mata rabonsu. Abokan marigayi suka ce zuciyarsu ba za ta ɗauka ba. Aikawa gida kuwa, dangin miji maza goma sha tara ne, riguna goma sha ɗaya, wa ya aike ta ta tsokano tsuliyar dodo?

Sai ya rage charity shop, shagunan nan da ake kai musu kaya kyauta su sayar, kuɗin ya tafi ga mabukata. Amma Mma Ajara ce za ta ajiye jaka a bakin ƙofa ta juya kamar yadda Turawa ke yi? Haba! Ta tsiro da dabararta. Kowane shago sai ta kai masa ɗankwali guda ɗaya, ta dawo bayan mako ta ga yadda aka yi da shi.

Shago na farko, ɗankwalin ya ɓace. Da ta matsa, yarinyar da ke kanta ta ce ya tafi cikin buhun tsumma da ake sayarwa da awo. Na biyu, ta tarar da shi a rataye tsakanin gashin roba da hular 'yan fashin teku, wai kayan shigar wasa. Ta tsaya ta daɗe tana kallo, don ita dai tana son ta gane me ke cikin kan mutanen nan. Ba ta gane ba, ta sayi abinta ta fita.

'Yarta Nusrat, da ke aure a Sparkhill, ta ce, "Mum, ki zo Birmingham, a nan akwai shagunan Musulmi." Ta hau mota ta je, ta bi Stratford Road shago shago. Mutanen kirki ne, sun ba ta kujera har da shayi. Amma da ta tambayi ina kayan ke zuwa, aka ce ana ɗaure su a kwantena a tura waje. Wace ƙasa? Sai yadda ta yiwu. Wa zai sa? Allah masani. Ta yi godiya ta koma Manchester da ɗankwalinta.

Shago na ƙarshe ɗan ƙarami ne a wani lungu, na masu tara wa tsofaffin unguwa taimako. Tana tura ƙofa wani wari ya dake ta. Ta leƙa ɗakin baya, sai ga wani tsohon Bature mai suna Alfred, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, tsaye kan kasko. Da wani ne da ya fita da gudu. Ita kuwa ta toshe hanci da mayafi ta tsaya, don ba ta taɓa ganin abin ido da ido ba. Siraran yankan nama ne ja da fari, ko ɗigon mai bai zuba ba, naman ne ke fitar da nasa. Ya shafa bota a burodi, ya jera naman, ya tsiyaya wani baƙin romo daga kwalba, ya rufe ya danna da tafin hannu. Sai ya raba biyu ya miƙo mata rabi, yana murmushi.

"A'uzubillahi! Alade?" in ji Mma Ajara, ta ja da baya har ta ture kwandon takalma.

Alfred ya yi ja wur har kunnuwa, ya yi ta ba da haƙuri. Ta ce masa da Turancinta na zango, "Hayaƙin nan duk yana shiga kaya. Wa zai yi salla da rigar da ta sha wannan?" Ta ajiye ɗankwalin don kawai ta cika ƙa'idarta, amma a ranta ta riga ta soke shagon.

Bayan mako ta dawo. Babu wari. Ga ɗankwalinta an goge shi, an naɗe, an sa a akwatin gilashi tare da agogo da 'yan kunne. Ta leƙa baya, babu kasko. Can a tsakar gida, kusa da bola, ta hango Alfred cikin yayyafi, lema a hannu ɗaya, yana juya namansa da ɗayan. Ikon Allah! Dariya ta kama ta, tausayi kuma ya biyo baya.

Washegari ta jawo jakarta da riguna goma sha ɗaya, ta gaya masa wasiyyar mijinta. Ya rubuta lambar wayarta a bango.

Wata biyar ba a sayi ko ɗaya ba. Wata Baturiya ta so ta yanka shuɗiyar ta yi rigar matashin kai, Alfred ya ce ba ta sayarwa ba ce. Mma Ajara ta fara zargin kanta, ko dai ta sauya wa rigunan akwati ne kawai?

Ana jibi Salla waya ta yi ƙara, Alfred ne. "Mrs Salam, ki zo yanzu, ga wani."

Ta tarar da wani dogon saurayi, Ubaidullah, ɗalibi daga Katsina da ke karatu a jami'a a Edgbaston, can Birmingham, ya zo yin Salla wurin abokinsa. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce, "Wallahi Mama, littattafai suka cinye min kilo a jirgi, ban zo da rigar Idi ba. Mu bakwai ne a haka a uni."

"To ɗana, sa ta in gani."

Ya zura shuɗiyar shaddar, ta sauka masa daidai. Sai ya kama hannun rigar na dama ya wurga kan kafaɗa, ya yi wa na hagu haka, ya girgiza jiki kaɗan ta zauna. Alfred ya saki baki, yau ya ga yadda ake sa abin da ya yi wata biyar yana gogewa.

Mma Ajara ta ƙura wa saurayin ido. Haka Abdulsalami ke yi kowace Juma'a a bakin ƙofa, dama sannan hagu. Kewarsa ta taso mata gaba ɗaya, irin wadda ko ranar jana'iza ba ta ji ba. Ta ratsa ɗakin baya ta fita tsakar gida, ta zauna kan kujerar Alfred ta yi kuka ya ishe ta. Kaskon na nan gefenta da sauran ɗuminsa, amma ranar ko warin ba ta ji ba.